Baba Murfi da Yatsun Kafintoci

Tun kafin a ɗaga ƙofofin shagunan layin, Baba Murfi ya riga ya jingine kekensa a bangon shagon sayar da injinan kafintoci. Shagon ba nasa ba ne, manaja ma bai taɓa zama ba. Shi ne dai mutumin nan da ke tsaye a bayan kanta, sanye da rigar aiki mai ruwan toka wadda aljihunta ya zazzago saboda ɗaukar sukundireba. Yakan buɗe kwaɗo, ya yi bismilla, ya share dusar katakon jiya, sannan ya wuce ɗan ɗakin baya inda teburin gwaji yake. A nan yake jona duk injin da aka gyara, ya kunna, ya yanka guntun katako, ya shafa bakin yankan da babban yatsa. In bai gamsu ba injin ba zai fita ba, ko da mai shi na tsaye a waje yana cika yana batsewa.

A ƙarƙashin teburin akwai wani tsohon akwati cike da murafu, kuma daga nan sunansa ya samo asali. Injin zarto na hannu faifai ne mai haƙora, yana juyawa da gudun da ido ba ya iya bi. Masu ƙera shi sukan rufe faifan da murfin ƙarfe wanda ke janyewa idan haƙoran sun shiga katako, ya dawo ya rufe da zarar sun fito. Kafintoci ba sa ƙaunar murfin nan. Sun ce yana tare musu layin fensir, yana rage musu sauri. Saboda haka abu na farko da da yawansu ke yi idan sun sayi sabon inji shi ne su kwance shi su wurgar a bayan shago, ko su ɗaure shi da waya yadda ba zai sake rufewa ba. Baba kuwa ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana bin bayan shagunansu yana tsince abin da suka yar. Ya miƙe wanda ya lanƙwashe, ya wanke, ya shafa mai, ya jefa a akwati. Duk injin da aka kawo gyara tsirara, da murfi zai koma gida, kuma ba ya karɓar komai a kan wannan.

Da farko tsokana ce. Sai ka ji ana cewa, “Ga Baba Murfi nan, a ɓoye zartuna!” Shi kuma ya yi murmushi ya miƙa hannu biyu. Haka yake gaisawa da kafinta: ya kama hannayen biyu, ya juya su ciki da baya, ya dube su da kyau, sannan ya tambayi iyali. Baƙo yakan ɗauka fara'a ce kawai. Waɗanda suka san shi sun san yatsu yake dubawa.

A ƙarshen watan nan zai rataye rigar, domin idon ya fara yana, ba ya ganin tsagewar faifai yadda yake gani a da, kuma shi da kansa ya ce wanda ba ya ganin tsaga bai kamata ya miƙa wa mutum zarto ba. Mu mutane mun iya yabon wanda aka binne. Wannan kuwa yana raye, yana jin magana, gara a faɗa masa tun kunnensa na ji.

Duk wanda ya taɓa sayayya a hannunsa ya san ba a fara magana da shi daga farashi. In ka nuna inji ka ce nawa, sai ya ce, “Me za ka yanka?” Sai ya ji irin katakon, da kaurinsa, da ko kullum za ka yi aiki ko jefi-jefi, sannan ya sauko da abin da ya dace da kai. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata shagon kafinta da ma'aikata ta taɓa zuwa, ta nuna injin da ya fi kowanne tsada, don a tunaninta mai tsada shi ne mai kyau.

“Hajiya, me ake yi a shagon naki?”

“Ƙananan kujeru ne, Baba, da allunan yanka nama, da ɗan abin da ba a rasa ba.”

“To wannan ya fi ƙarfin aikinki, kuɗinki kawai zai ci. Ga ƙaninsa nan, zai yi miki komai. Abin da ya rage ki saya wa ma'aikatan naki tabarau, dusa tana kashe ido.”

Mai shago yana zaune a kusurwa yana ji, ya ɗaure fuska tamau. Da matar ta fita ya ce, “Malam, kai ciniki aka ɗauke ka ka yi ko wa'azi?” Baba ya ce cinikin yake yi. Bayan 'yan shekaru shagon matar ya bunƙasa, ta dawo ta sayi babban da ƙafarta, ta kuma turo duk wani kafinta da ke unguwarsu. Tun daga nan mai shago ya daina sa baki, sai dai ya yi gyaran murya.

Bai taɓa raina mai neman araha ba, domin ya san aljihu ba ɗaya ba ne. Abin da ba ya yi shi ne ƙarya. Zai ɗora mai arahar a kan kanta ya ce, “Wannan zai yi maka aiki, amma kada ka matsa masa. In ya yi zafi ka bar shi ya huta, in boris ɗin da faifan ke juyawa a kai ya fara kuka ka kawo mini tun bai ƙone ba.” Na jabu kuwa, wanda aka manna wa tambarin da ba nasa ba, ba ya taɓa shi da hannunsa. Akwai lokacin da wani dillali ya kawo faya-fayen zarto masu ƙyalli a kan farashin da ke sa mutum haɗiyar yawu. Baba ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da sifana, ya duba gindin haƙoran, ya mayar cikin kwali ya ce a kai gaba.

Baba, kai ne wanda mutum zai dawo maka da inji yana zagi, ka ba shi kujera da ruwa, ka bar shi ya gama, sannan ka buɗe injin a gabansa ku gani tare. In laifin kayan ne ka tsaya masa har a canza, in laifinsa ne ka nuna masa ba tare da ka tozarta shi ba. Kai ne ka ɗauki mai saye a matsayin mutumin da zai koma gida da yamma, ana jiransa.

Ba kowa ya ji maganarsa ba, kuma ba za a ɓoye wannan ba. Akwai Dogo, gwanin ƙera ƙofofi, wanda Baba ya mayar wa murfi ya fi a ƙirga, shi kuma yana kwancewa yana dariya. Wata rana aka kawo injinsa shagon a cikin buhu, shi kuma yana asibiti. Yatsu uku na hannun damansa sun tafi. Baba ya wanke injin da kansa, ya ƙi barin kowa ya taɓa, ranar kuma ko abinci bai ci ba. Da Dogo ya warke, ba wanda ya taɓa jin Baba ya ce masa ai na gaya maka. Ya koya masa wasa haƙoran zarto, ya ajiye masa benci a ƙofar shago, yana tura masa aiki. A nan Dogo yake zama har yau.

Shi ya sa abin da ya faru tsakaninsa da surukinsa ya yi masa nauyi. Mijin 'yarsa ta fari kafinta ne, mai hannu da zuciyar nema, amma komai nasa a guje yake yi, har abokan sana'a suka sa masa suna Gaggawa. Ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba, tagogi da ƙofofin wani sabon gini gaba ɗaya, a daidai lokacin da tsohon zartonsa ya ƙone ƙurmus. Sabon inji mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa a lokacin. Sai ya yi dabarar da wasu ke yi: yana da injin goge ƙarfe, ƙarami mai gudun tsiya, ya ce zai ɗaura masa babban faifan zarto ya riƙa yanka katako da shi. Faifan ba ya shiga sai an cire murfin injin gaba ɗaya. Abin da za ka riƙe a hannu kenan haƙora ne tsirara, babu abin da ke tsakaninsu da naman mutum.

Ya shigo shagon da hantsi, mutane cike, ya gaida surukinsa da ladabi ya nuna faifan.

“Me za ka yanka?” in ji Baba.

“Katako ne, Baba.”

“A kan wane injin? Naka ai ya ƙone, ni na buɗe shi.”

Gaggawa ya sosa ƙeya ya faɗi gaskiya. Baba ya ɗauke faifan daga kan kanta ya mayar kan ƙusarsa.

“Ɗana, ba zan sayar maka ba.”

“Baba, da kuɗina fa na zo. Ba kyauta na ce a ba ni ba.”

“Na sani. Ko ninki za ka biya, ba zan sayar ba.”

“Kowa haka yake yi, ba a kaina aka fara ba.”

Baba ya dubi ƙofa inda Dogo ke zaune yana wasa zarto da hannun hagu. Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa, kuma wannan dariyar ce ta ɓata komai. Gaggawa ya ji an ci masa fuska a gaban abokan sana'a. Ya fita ko sallama babu, ya tsallaka titi, ya sayi faifan a wurin wani mai tebur da ba ya tambayar kowa komai.

Da yamma 'yar Baba ta zo gida, idonta jawur. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta.

“Baba, ka kunyata shi a gaban mutane. Ya ce ko baƙo ba za ka yi wa haka ba.”

“Baƙo ma haka nake yi masa, Uwata.”

“Aikin nan shi ne rufin asirinmu. In ya kuɓuce masa ban san yadda za mu yi ba.”

“Da me yake ciyar da ku?” ya tambaye ta. Sai ya ba da amsar da kansa. “Da hannun nan ne. In aiki ya tafi wani zai zo. Ni na wanke injin Dogo, na san abin da na gani.”

Ta tashi ta tafi tana share hawaye. Daga ranar jikokinsa suka daina zuwa, Gaggawa kuma in ya hango keken Baba sai ya canza hanya. Matar Baba ta ce masa ya je ya ba da haƙuri a wuce wurin. Ya ce haƙuri zai iya bayarwa, amma haƙuri ba ya rufe faifai. Tsoro ne fal a ransa, duk lokacin da waya ta yi ƙara a shago sai ya ɗauka mugun labari ne.

Yana da wani zarto nasa na kansa, wanda ya harhaɗa a hankali daga sassan injinan da masu su suka yar. Ba shi da kyan gani, jikinsa kala biyu ne, amma duk layin an san ba shi da na biyu. Da rana ta take, lokacin da ake rufe shago a ci abinci, ya ɗaure shi a bayan keke ya nufi shagon surukinsa. Mai walda da ke maƙwabtaka da wurin shi ya ga abin da ya biyo baya, kuma har yau yana ba da labari. Baba ya yi sallama, ya ajiye injin a kan tebur, ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa cikin rana. Bai yi faɗa ba, bai yi nasiha ba, ya dai zauna ya harɗe hannu.

Gaggawa ya amsa sallamar a daƙile. Injin goge ƙarfen na hannunsa da faifan a ɗaure, amma ina zai iya kunna shi uban matarsa na zaune yana kallo? Ya ɗauki awo, ya ajiye, ya nemi fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya share wurin da ba ya buƙatar shara. Lokacin komawa aiki ya yi, Baba ya hau keke ya tafi. Washegari ya dawo ya zauna a wuri ɗaya, rana ta uku ma haka. Tsoho mai furfura, ya bar abincinsa, yana zufa a ƙofar shagon surukinsa, mutane na wucewa suna tambayar ko lafiya. Mai walda ya ce shi kansa kunya ta kama shi, balle Gaggawa.

A ƙarshe Gaggawa ya ja dogon tsaki ya ɗauki zarton Baba. Amma hali ba ya tafiya a rana ɗaya. Ya samo guntuwar waya ya ja murfin baya ya ɗaure. Baba ya tashi a hankali, ya zaro filaya daga aljihu, ya datse wayar, murfin ya koma ya rufe, shi kuma ya koma ya zauna. Mai walda ya shige shagonsa don kada a ga yana dariya.

Ranar da abin ya faru Baba bai samu zuwa ba, an kawo kaya shago ana saukewa. Mai walda ya ce ya ga Gaggawa ya ɗauki waya zai ɗaure murfin, ya dubi bencin da ba kowa a kai, ya tsaya jim, sannan ya wurgar da wayar yana gunaguni. Katakon da yake yankawa tsoho ne da aka ciro daga wani rufi, ashe akwai ƙusa a binne a ciki wadda kanta ya karye. Haƙoran suka same ta. Injin ya yi wata irin ƙara, ya yi tsalle ya fito daga katakon ya dawo baya, ya sauka a kan hannun hagun Gaggawa da ke dafe da allon. Kafin ya sauka murfin ya riga ya rufe.

Mai walda ya shigo a guje ya same shi zaune a ƙasa cikin dusa, ya ɗaga hannun yana kallo, yana buɗe yatsun yana rufewa. Bayan hannun ya kumbura ya yi baƙi inda ƙarfen ya buge shi. Jini ko ɗigo babu.

Dab da tashi daga aiki Gaggawa ya shigo shagon su Baba. Ya wuce Dogo a ƙofa, ya tsaya ya gaishe shi da wata irin murya da bai taɓa gaishe shi da ita ba. Ya isa kanta, ya ɗora hannayensa biyu a kan katakon. Baba ya dubi kumburin ya gane. Ya kama hannayen, ya juya su ciki da baya yadda yake yi wa kowa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

“Yara suna lafiya?” ya tambaya.

“Lafiya lau, Baba. Gobe zan kawo su.” Sannan ya ƙara da cewa, “Baba, ka yafe mini.”

“Je ka sa ruwan sanyi a hannun nan. Kuma katakon rufi, a riƙa duba ƙusa.”

Sai da ya fita Baba ya shiga ɗakin baya ya rufo ƙofa. Mai shago ya ce ya ji shi yana ta hamdala yana kuka kamar ƙaramin yaro, shi kuma ya hana kowa shiga.

Baba, kai ne ka yarda a yi fushi da kai, ka yarda jikokinka su yi maka nisa, ka yarda a kira ka mai taurin kai, don dai 'yarka kada ta wayi gari tana ɗaure wa mijinta maɓallin riga. Da ka miƙa faifan nan ba wanda zai zarge ka, ciniki ne, da kuɗinsa ya zo. Masu tebur nawa ne ke miƙawa kullum su juya baya? Kai ka kasa, kuma wannan kasawar taka ita ce abin da muke gode wa Allah a kai.

An gama tagogin, an kafa ƙofofin, aikin ya karɓu. Makon jiya kafintocin layin suka taru a ƙofar shagon don yi masa ban kwana. Ba a yi dogon jawabi ba, domin ba su iya ba. Layi suka yi, kowa ya zo ya miƙa hannu biyu. Yanzu ba ya ganin yatsun sosai, da lalube yake bin su, yana kiran kowa da sunan tsokanarsa. Da aka zo kan Dogo, ya ɓoye hannun daman a bayansa ya miƙa hagu. Baba ya ce, “Kawo ɗayan.” Ya riƙe shi ya fi na kowa daɗewa.

Gaggawa ne ya zo a ƙarshe, ɗauke da kujera a ka, mai hannuwa da majingina, wadda ya ƙera wa surukinsa ta zaman hutu. Baba ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, ya bi kowace gaɓa, ya zauna ya jijjiga ta, ba ta yi ko motsi ba.

“Wannan kam ba ka yi sauri ba,” ya ce, aka fashe da dariya.

“Baba, akwatin nan na ƙarƙashin tebur, wa za ka bar wa?”

“Wa zai so tarkace?”

“Ni nake so. Na riga na fara tsintowa.” Ya zaro wani lanƙwasasshen murfi daga aljihu ya sa masa a tafin hannu.

Baba Murfi, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka daɗe a kan kujerar nan jikoki na hawa cinyarka. Ku kuma da ke tsaye a bayan kanta, kowane irin kaya kuke sayarwa, ku riƙa tambayar mai saye me zai yi da shi, ku faɗa masa gaskiyar mai araha da ta mai tsada, in ta kama ku ƙi sayarwa ku ƙi. Riba ba ta gudu ba, Baba ya gwada an gani. Akwai gidaje da yawa a garin nan da uba ke dawowa da yamma ya ɗaga 'yarsa sama da hannu biyu, ita kuma ba ta san akwai wani tsoho mai keke da ya tsinci murfi a bayan shagon ubanta ba. Ɗaya daga cikin yaran nan jikar tsohon ce.